Ghana da Hutun Teku: Masana Sun Yi Gaskiya, Masunta Ma Ba Su Yi Ƙarya Ba

A shekarar 2025 gwamnatin Ghana ta tsame masuntan kwale-kwale daga hutun teku, wato hana kamun kifi na wata guda, da ake ɗora musu kowane watan Yuli tun daga 2021. Alkawari ne da John Mahama ya ɗauka lokacin yaƙin neman zaɓen 2024, da ya koma kujerar shugaban ƙasa kuma bai ɓata lokaci ba ya cika shi. Manyan jirage masu jan taru an bar su da nasu hutun na wata biyu, Yuli da Agusta, amma mai kwale-kwale a Elmina ko Chorkor ko Keta an ce ya tura jirginsa ruwa, ba mai tare shi. Masunta da yawa sun yi murna, masana harkar teku kuwa suka yi tagumi. Ni a wurina matakin kuskure ne. Sai dai an daɗe ana share wa wannan kuskure hanya, kuma masu sharar su ne hukumomin da suka yi shekaru suna matsa wa ƙaramin masunci lamba, suna kau da kai daga babba.

Wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da teku? Tukunyarsa ta haɗa shi. Duk wanda ya zauna a Nima ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo a Kumasi, ya san bandar amane da ake dakawa a shito, soyayyen yajin nan na Ghana, a zuba a miya. Daga gaɓar teku take tasowa, ta ratsa ƙasar har Tamale da Bolgatanga, wani lokaci ta ƙetare iyaka. Daskararren kifin da ake yanka wa matan gida a kasuwannin Kano da Zariya ma na teku ne, jirage ke sauke shi a Legas. Najeriya kuma tana cikin ƙasashe 6 da suka haɗu a kwamitin kula da kamun kifi na wannan yanki, mai hedikwata a Tema, tare da Laberiya, Kwaddibuwa, Ghana, Togo da Benin. Ruwan ɗaya ne, kifin kuma ba ya tsayawa a duba masa fasfo.

Kifin da ake ta wannan ja-in-ja a kansa ba wani babba ba ne. Ƙananan kifaye ne masu yawo garke-garke a sama-saman ruwa: sardinela iri biyu, wadda a can ake kira amane ko eban, da ɗan mitsitsin nan amoni, da wani ɗan'uwan kifin da a Najeriya ake kira taitus. Su ne naman talaka. Ɗan Ghana yakan ci kifi wajen kilo 25 a shekara, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na sinadarin gina jiki da yake samu daga dabba, kifi ke ba shi. A gaɓar da ba ta wuce kilomita 550 ba, masunta fiye da 100,000 ke shiga ruwa, mutum sama da miliyan 2 kuma ke ci daga harkar: mata masu banda, masu sassaƙa jirgi, masu ɗinkin taru, masu itace, direbobi, 'yan dako.

Abin da ya sa ƙasa mai gajeriyar gaɓa irin wannan ta sami kifi haka, baiwa ce ta ruwanta. Daga Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi na can ƙasan teku yakan taso sama a gaɓar Ghana da Kwaddibuwa, ya zo da abinci daga ƙasa. Rana ta haska shi, ƙananan halittun da ido ba ya iya gani su yi ta yaɗuwa, sardinela kuma ta matso kusa da gaɓa ta ci ta ƙoshi, ta zuba ƙwai. Akwai wani ƙaramin tasowar kuma wajen Disamba zuwa Fabrairu, amma bai kai na damina ƙarfi ba. To, a nan matsalar take tun asali. Lokacin da kifin ke taruwa don hayayyafa, shi ne lokacin da ya fi sauƙin kamu, shi ne kuma kakar masunta, inda suke biyan bashin shekara. Kifin da aka kama a Agusta cikinsa fal da ƙwai yake. Manomi ya san bambancin cin hatsi da cin iri, kuma abin da ake yi a tekun Ghana shekara da shekaru cin iri ne.

Tekun ya taɓa yin gargaɗi. A 1972 an yi wani irin kamu na sardinela da ba a taɓa gani ba, har aka rasa inda za a kai kifi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1973, sai ta yi ɓatan dabo, wani kifi mai taurin fata da mutane ba su saba ci ba ya mamaye ruwan tsawon shekaru. Daga baya sardinela ta dawo, mutane suka manta. A 1996 an sauke sama da tan 135,000 nata a gaɓar Ghana. Zuwa 2016 abin ya koma tan 29,000 da 'yan kai, wato an rasa kusan kashi 80 cikin 100 a shekara 20. A tsawon wannan lokaci kuwa kwale-kwale ƙaruwa suka yi, injuna suka ƙara ƙarfi, taruna suka ƙara tsawo. Ƙarin hannu, ƙarin mai, ƙarin kwana a ruwa, a dawo da ƙasa da abin da aka saba.

Ya kamata a faɗi yadda ake samo waɗannan alƙaluma, domin akwai masu ɗauka cewa a ofis mai sanyi ake zama a ƙirƙiro su. Hukumar kula da kamun kifi ta Ghana tana da sashen bincike a Tema, tana kuma da ma'aikata a wuraren sauke kifi da ke ƙirga jiragen da suka fita, su auna abin da aka sauke. Akwai masu ɗaukar samfur su gwada tsawon kifi, su farka cikinsa su duba ko ƙwan ya nuna. Idan aka yi haka wata-wata na tsawon shekaru, sai a gane a wane wata kifi ya fi zuba ƙwai, a kuma gane ko yawancin abin da ake kamawa bai kai ga haihuwar fari ba. Jami'ar Cape Coast tana da sashen da ya ƙware a wannan aiki. Ta ɓangaren teku kuma akwai jirgin binciken nan na ƙasar Norwe mai suna Dr Fridtjof Nansen, wanda ke aiki da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1975. Na yanzu shi ne na uku mai wannan suna, an ƙaddamar da shi a 2017. Yana aika sauti cikin ruwa ya saurari yadda yake dawowa bayan ya bugi garken kifi, sannan a jefa taru a tabbatar da irin kifin da girmansa. Hanyoyin biyu ba su dogara da juna ba, amma labari ɗaya suka bayar.

A kan wannan ne wani kwamitin masana da aka kafa ƙarƙashin wani shirin kare kifi, wanda hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi daga 2014 zuwa 2021 tare da Jami'ar Rhode Island, ya yi kashedi cewa in ba a rage kamu ba, sardinela na iya durƙushewa gaba ɗaya cikin 'yan shekaru. Shawararsu ita ce a rufe teku na wata guda a tsakiyar lokacin zuba ƙwai, wato Agusta, ga kowa da kowa. Hujjar tana da ƙarfi. Sardinela ba ta daɗewa kafin ta balaga, shekara guda ko kusa da haka ta isa, kuma mace ɗaya na zuba dubban ƙwai. Irin wannan kifi in aka ɗaga masa ƙafa kaɗan yana iya farfaɗowa da wuri.

Daga nan siyasa ta karɓi magana. An sanar da hutun farko na masu kwale-kwale, wanda za a yi a Agustan 2018, saura 'yan makonni a fara, ba tare da an shirya mutane ba. Masunta suka tayar da ƙayar baya, gwamnati ta janye. A 2019 aka yi shi, amma daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da dama teku ba ya ba da komai, kifin kuma bai fara zuba ƙwai sosai ba. An sami hutun da ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya kuma amfanar kifi. A 2020 annobar korona ta sa aka fasa. Sai a 2021 aka tsaya a kan Yuli, wanda ya fi Mayu kusa da gaskiya ko da yake ba shi masana suka fara nema ba. Aka yi ta haka har 2024. Kwaddibuwa ta shigo tsarin a 2023, abin da ya rage dabarar ƙetare iyaka a ci gaba da kamu a ruwan maƙwabta. Ana cikin haɗa kan yankin ke nan Ghana, wadda ta jawo sauran, ta sassauta wa nata masuntan.

Ba wuya a gane dalili. Yankuna huɗu ne ke bakin teku a Ghana, kuma Yankin Tsakiya, inda Elmina da Cape Coast suke, yana cikin wuraren da kan juya sakamakon zaɓe. Ƙuri'ar masunci tana da nauyi. Amma zan yi wa masuntan rashin adalci idan na tsaya a nan, kamar dai wasu jahilai ne da ɗan siyasa ya yaudara. Ƙorafinsu yana da tushe, kuma tushen yana da suna: saiko.

Manyan jiragen jan taru lasisinsu na kifin ƙasan teku ne. Amma shekaru da dama suna kama ƙananan kifayen saman ruwa da gangan, su daskarar da su fale-fale kamar bulo, su sayar wa wasu manyan kwale-kwale da aka ƙera musamman don haka, a can tsakiyar ruwa. Waɗannan su kawo Elmina ko Apam ko Axim su sayar wa matan da mazajensu suka dawo hannu rabbana. Doka ta haramta wannan ciniki, amma a fili aka riƙa yin sa, da rana tsaka. Ƙungiyoyi biyu masu zaman kansu, EJF da Hen Mpoano, sun ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kifin saiko wajen tan 100,000, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 50, kuma kwale-kwalen saiko ɗaya kan kawo a zuwa guda abin da masunci na gari sai ya fita sau 450 kafin ya tara. Da aka narkar da wasu daga cikin bulukan aka auna, yawancin sardinelar da ke ciki jarirai ne da ba su taɓa haihuwa ba.

Su wa ke da jiragen? Dokar kamun kifi ta 2002 ta keɓe mallakar irin waɗannan jirage ga 'yan ƙasa. A takarda haka abin yake, tutar Ghana suke ɗauke da ita, sunan ɗan Ghana ne a rajista. Binciken EJF na 2018 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 nasu na kamfanonin ƙasar Sin ne, ɗan ƙasa ya ba da aron suna kawai yana karɓar ɗan abin da ya samu. Doka ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza dala miliyan 1 ba ga mai kamu ba bisa ƙa'ida ba. A 2019 an ci wani jirgi mai suna Lu Rong Yuan Yu 956 wannan tara, aka yi ta yabon hukuma. Bai biya ba, aka sabunta masa lasisi, ya koma ruwa, aka sake kama shi a 2020 da irin laifin. A cikin 2019 ɗin nan ne kuma wani ɗan sa-ido na gwamnati, cikin waɗanda ake sakawa a jirage su rubuta abin da suka gani, ya ɓace daga jirgin da yake aiki a kai. Mutum ɗaya tilo a tsakiyar teku, cikin ma'aikatan jirgin da aka turo shi ya tona wa asiri, yana cin abincinsu yana kwana a hannunsu. Wanda ya tsara wannan aiki bai yi tunanin ran mai yin sa ba. Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2013, ta janye a 2015, ta sake ɗaga mata shi a 2021.

Yanzu ka sa kanka a matsayin masunci a Apam. An ce ka ɗaure jirginka wata guda saboda kifi ya hayayyafa. Ka yi biyayya, ka ci bashi a wurin matar da ke sayen kifinka, aka raba 'yar shinkafa da man girki da ba su kai ko'ina ba, wasu ma ba su gani ba. An buɗe teku, ka fita, ka hango fitilun manyan jirage a inda doka ta ce naka ne, wataƙila ma sun yanke maka taru da dare. Jariran kifin da ka ƙyale aka haifa, ga su nan an dawo maka da su a daskare ka saya. Wane malamin jami'a ne zai zo ya gamsar da kai cewa hutun nan don amfaninka aka yi shi? Gaskiya ne tun wajen ƙarshen 2021 an daina ganin kwale-kwalen saiko suna sauke kaya a fili a Elmina, an kuma fito da sabuwar ƙa'ida kan irin tarun da manyan jirage za su yi amfani da shi. Amma masu bin diddigi sun ba da rahoton cewa wasu jiragen sun koma kawo ƙananan kifayen a kwali ta tashar Tema, wasu kuma suna zubar da su matattu a ruwa. Amanar da ta zube cikin shekara goma ba ta dawowa da sanarwa ɗaya.

Duk da haka ban yarda da waɗanda ke cewa a kori manyan jirage kawai, shi ke nan kifi ya dawo ba. Magana ce mai daɗin ji, tana kuma da farin jini a taro, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Sardinela kifin kwale-kwale ce, kuma tarunan kwale-kwale da ake kira ali da poli da watsa su ke kwashe kaso mai tsoka nata. Kwale-kwalen yau ba irin na kakanni ba ne mai filafili da tanga. Tun da injin ya shigo a ƙarshen shekarun 1950 abin ya sauya: babba daga cikinsu yana ɗaukar ma'aikata goma sha wani abu zuwa ashirin, da tarun da ke zagaye garke guda ya tattare shi. An ƙirga sama da 11,500 a 2016, adadin kuma ya ci gaba da hawa har sai da gwamnati ta dakatar da rajistar sababbi na shekara 3 daga 2023. Ga kamu da fitila, inda ake tafiya da janareta a zura ƙwan lantarki cikin ruwa da dare, kifi babba da ƙarami ya taru a kwashe. Ga masu nakiya da kabaid da maganin ƙwari. Ga taru mai ƙananan idanu da ko ɗan yatsa ba ya shiga. Duk haramun ne a doka, kuma duk masunci ya san wanda ke yi a garinsu. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: in na bari, maƙwabcina ba zai bari ba, kuma in mun bari duka, babban jirgi zai kwashe.

Sannan ga man firimis, fetur ɗin da aka gauraya da baƙin mai don injin kwale-kwale, wanda gwamnati ke sayarwa a farashi mai rahusa tun shekarun 1990. Babu jam'iyyar da ke da ƙarfin halin taɓa shi. Kwamitocin rabonsa sun zama wurin saka wa 'yan jam'iyya, karkatar da tankokinsa kuma labari ne da jaridun Ghana suka gaji da bugawa. Abin mamakin shi ne, a shekarun hutun, da hannun dama gwamnati tana biyan kuɗi don a ƙara shiga ruwa wata 11, da hannun hagu tana roƙon a huta wata guda. Hutu kuwa, ko an yi shi daidai, jinkirta kamu kawai yake yi. In aka buɗe teku jirage dubu goma sha suka faɗa da fitilu, abin da aka tara a Yuli ba zai ga Oktoba ba. Masana sun faɗi wannan tun farko. An ɗauki shawararsu guda ɗaya da ta fi sauƙin sanarwa a rediyo, aka bar sauran a cikin rahoto.

Akwai abin da ya faru a Kanada da ya dace duk ɓangarorin su riƙa tunawa. A Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun kifin kod a gaɓar Newfoundland, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki a lokaci guda. An ce shekara biyu za a yi. Sai a 2024 aka ɗage haramcin, bayan shekara 32. Abin lura a labarin shi ne, ƙananan masunta na bakin gaɓa sun yi shekaru suna cewa kifi na ƙanƙancewa yana raguwa, masanan gwamnati kuwa suna dogara da alƙaluman manyan jirage, waɗanda na'urorinsu ke iya farauto garken ƙarshe su cika jirgi kamar ba abin da ya faru. A can masana ne suka makara wajen sauraron masunta. Saboda haka idan masuncin Ghana ya ce fitilun rijiyoyin mai da aka fara haƙowa a 2010 suna janye kifi zuwa inda aka hana shi kusanta, ko ya ce ciyawar teku da ke cika masa taru a yammacin ƙasar ta sauya masa aiki, ko ya ce ruwan ba ya sanyi kamar da, bai kamata a yi masa murmushin raini ba. Tambayoyi ne na bincike, kuma shi ya fi kowa yawan kwana a wurin.

Ba a kuma buƙatar koya wa mutanen bakin teku ma'anar hutu. A yawancin garuruwan gaɓar Ghana ba a fita su ranar Talata, tun kaka da kakanni. A Elmina akan hana kamu a tafkin Benya na wasu makonni kafin bikin Bakatue, wanda ake yi a Talatar farko ta Yuli, sai sarki ya ba da izini a jefa taru. Mu ma mun san irin wannan a Matan Fada ta Argungu, inda ake tsare ruwa har ranar biki. A bakin kogin Densu, yamma da Akra, mata masu tsintar kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, a Tsokomey da Bortianor da Tetegu sun fara rufe wurin tsintarsu na wata biyar a shekara tun 2017, bayan sun ga yadda takwarorinsu na Gambiya suka yi. An koya musu auna gishirin ruwa da zafinsa da girman kawa, su da kansu suke rubutawa, su suka tsayar da lokacin rufewa, su ke tsaron wurin. Wata biyar, ba ɗaya ba, kuma ba soja ba ɗan sanda. Na san kawa ba ta ƙaura, wanda ya yi haƙuri shi zai girba, sardinela kuwa tana iya wayar gari a ruwan wata ƙasa. Amma wannan bambanci shi ne ainihin aikin gwamnati: ta tabbatar wa mai haƙuri cewa wani ba zai riga shi kwashe ladan haƙurinsa ba.

Shi ya sa nake ganin an yi aikin ne a juye. Da an fara da manyan jirage, a fili, kowa na gani, an bayyana sunayen masu su na gaskiya, an karɓi tarar da aka yanka, an soke lasisin wanda ya maimaita laifi, da mai kwale-kwale ya ji kunyar ƙin nasa wata ɗayan. Adalci ne a faɗa cewa gwamnatin Mahama ta taɓa wannan ɓangare. A Afrilun 2025, ƙarƙashin ministar kamun kifi Emelia Arthur, an dakatar da lasisin manyan jirage huɗu na shekara guda. A shekarar kuma aka sa hannu a sabuwar dokar kamun kifi da ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 zuwa mil 12 na teku. Wannan babban abu ne, in har za a tsare shi. To amma daidai lokacin da gwamnati ta fara samun bakin da za ta ce wa masunta "mun yi namu, saura naku", sai ta sallame su daga nasun. Ta sayi amana da tsada, ta ƙi amfani da ita.

Da ni ake shawara, da na ce a dawo da hutun ga kowa, a matsar da shi inda auna cikin kifi ya nuna, ko da ya ci wani ɓangare na Agusta, a kuma biya mutane kuɗin zaman. Ba sai an je neman rance ba. A yanki wani kaso daga tallafin firimis a tura shi kai tsaye ta waya ga ma'aikatan jirgi da mata masu banda a watan hutu, tunda su ne ke kwana da yunwa, ba mai jirgi ba. Tallafin da ke tura mutane ruwa ya koma mai riƙe su a tudu na ɗan lokaci. Kamu da fitila kuma a bar wa sarakunan masunta da shugabannin mata masu kifi ikon hukunta shi a gaɓarsu, da goyon bayan kotu, domin matar da ta ƙi sayen kifin nakiya ta fi jirgin sintiri saurin gyara mai yin sa.

Sauran abin da ke damuna shi ne wa ke biyan kuɗin sanin abin da ke cikin ruwan. Jirgin da ke ƙirga kifin na Norwe ne, kuma ƙasashe da dama ke jiran layinsa daga Afirka har Asiya, ba kowace shekara yake zuwa ba. Kwamitin masanan da ya fara buga ƙararrawa da kuɗin Amurka ya zauna. Rahotannin saiko ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka tattara da tallafin waje. Shirin da ya gaji na farko, wanda aka tsara zai kai 2026, yana ƙarƙashin USAID, hukumar da gwamnatin Trump ta rushe a 2025. Ba na zargin masu bayarwa, sun yi abin da masu gida ba su yi ba. Amma ƙasar da kashi 60 na naman bakinta ke fitowa daga ruwa, bai dace a ce sai baƙo ya zo ya gaya mata nawa ya rage ba. Wannan ma yana cikin abin da ke sa masunci ɗaukar hutun a matsayin dokar Turawa. Najeriya tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, ta kuma sayi jirgin bincike mai suna Bayagbona a 2014. Ƙasashe shida da ke kamun garke ɗaya suna iya haɗa kuɗi su riƙe jirgi ɗaya da zai bi gaɓar daga Laberiya zuwa Najeriya a wata ɗaya na kowace shekara, a buga sakamakon da Fante da Ga da Ewe, a karanta shi a bakin ruwa inda ake sauke kifi, ma'aikatan jirgi su yi gardama a kai. Kuɗin wannan aiki na shekara bai kama ƙafar dala miliyan 50 da saiko ya kwashe a 2017 ba.